Tantanin Cikin Ƙwayar Halitta da Ginin Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata babbar sakandare a nan Kumasi, da yamma kuma nakan zauna da yaran unguwarmu ta Aboabo masu shirin jarrabawa. Tambayoyin da ke ƙasa daga bakinsu suka fito, wasu kuma daga 'yan matanmu masu koyon aikin ungozoma. Littafin makaranta yakan nuna rabuwar ƙwayar halitta kamar rabon kuromosom (zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado) ne kaɗai, ya yi shiru a kan sauran kayan da ke cikinta, alhali a ginin ƙwaƙwalwa rabon waɗannan kaya yana cikin abubuwan da ke yanke makomar kowace ƙwaya. Inda na ce ƙwayar halitta, ina nufin ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi. Inda na ce tantani, ina nufin siririn shamaki na mai da furotin.

Malam, tantanin nan shi ne wanda muke gani a jikin ƙwaƙwalwar rago ranar Babbar Sallah?

A'a. Wanda mahauci yake ɓarewa idan ya fasa kai mayafi ne da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, shi ne wanda ciwon sanƙarau yake kumbura shi, kuma shi kansa da ɗimbin ƙwayoyin halitta aka saƙa shi. Tantanin da muke magana a kai yana cikin kowace ƙwaya guda, kaurinsa bai kai nanomita 10 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Madubin da muke leƙa ɓawon albasa da shi a aji yana nuna bangon ƙwaya da ɗigon cibiyarta ne kurum. Sai a shekarar 1945 Keith Porter da Albert Claude da Ernest Fullam suka ga ragar tantanin ciki da madubi mai aiki da lantarki a Amurka.

Waɗanne ne manyan tantanin cikin, kuma mene ne aikinsu?

Ƙwayar halitta kamar gidan yawa take, mai ɗakuna da soraye, kowane da katangarsa. Akwai tantanin cibiya, mai ruɓi biyu, wanda ke killace kuromosom 46 na ɗan Adam. Manne da shi akwai ragar tantani, wadda masana ke kira endofilasmik retikulum, inda ake ƙera furotin masu fita waje da mafi yawan man da ake gina sabon tantani da shi. Sai tarin Golgi, wanda likitan Italiya Camillo Golgi ya bayyana a 1898, wurin da ake gyara kayan da raga ta ƙera, a ɗaure su, a tura kowane inda za shi. Akwai 'yan jakunkuna masu safara tsakanin waɗannan wurare da fatar ƙwaya, akwai laisosom masu narkar da shara, akwai kuma maitokondiriya masu samar da ƙarfi.

Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne yawan abin. A ƙwayar hanta, wadda aka fi aunawa, fatar waje ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na dukkan tantanin ƙwayar ba, ragar ciki kuwa ta kai kusan rabi. Ashe duk ƙwayar da za ta rabu biyu tana da kaya mai yawa da za ta san yadda za ta yi da shi.

To me ke faruwa da su idan ƙwaya ta zo rabuwa?

Ana kwance gidan ne kusan gaba ɗaya, a sake ɗaura shi gida biyu, cikin abin da bai wuce kimanin awa guda ba. Bajamushe Walther Flemming ne ya raɗa wa wannan rabuwa suna mitosis a 1882, daga kalmar Girkanci mai nufin zare, saboda kuromosom sun yi masa kama da zare. Na'urar da ke jan kuromosom zuwa gefe biyu kuwa siffar mazari gare ta, mai kauri a tsakiya da tsini a kai da gindi, kamar wanda kakanninmu ke kaɗi da shi, don haka mazari zan riƙa kiranta.

Mazari yana tasowa ne daga wajen cibiya, kuromosom kuma suna ciki, saboda haka dole katangar cibiya ta faɗi. Wani furotin mai suna CDK1, wanda bincikensa na cikin abin da ya kai Paul Nurse da Tim Hunt da Leland Hartwell ga kyautar Nobel a 2001, shi ke ba da umarni: sai saƙar lamin da ke tokare tantanin cibiya daga ciki ta warware, ƙofofin cibiya su kwance, tantanin kansa ya janye ya shige cikin raga. Tarin Golgi ya farfashe ya zama ƙananan jakunkuna da gutsattsari, kuma an nuna cewa idan aka hana shi tsinkewa tun farko, ƙwayar takan tsaya ta ƙi shiga rabuwa. Maitokondiriya ma suna gutsurewa domin kowace 'ya ta samu rabonta.

Ita raga ba ta farfashewa, kaucewa take yi. Ana ture ta daga tsakiyar fili domin mazari ya samu wurin aiki, kamar yadda ake ɗage shimfiɗu da tebura kafin a share tsakar gida. A 2013 aka gano wasu furotin biyu, REEP3 da REEP4, waɗanda idan babu su sai raga ta manne wa kuromosom, rabo ya tangarɗe. Da kuromosom sun isa gefe biyu, sai raga ta dawo ta lulluɓe kowane tari, ta zama sabon tantanin cibiya, wasu furotin da ake kira ESCRT su liƙe sauran ƙananan huje. Su ne dai kuma ke yanke siririyar gadar ƙarshe da ke haɗa 'ya'yan biyu.

Wannan ai haka yake a ko'ina cikin jiki. Me ya keɓance ƙwaƙwalwa?

Yawa da ƙurewar lokaci. Ƙwaƙwalwar baligi tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kusan biliyan 16 daga ciki a ɓawonta na sama inda tunani da magana suke, kuma mafi yawan na ɓawon ana samar da su ne a rabin farko na goyon ciki. Ƙwayar jijiya idan ta nuna ba ta sake rabuwa. Fata idan ta yanke tana tofowa, hanta ma haka, amma abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a wancan lokaci ba a mayar mata da shi daga baya.

Farkon abin wani ɗan bututu ne da ke rufewa wajen kwana 28 da ɗaukar ciki. Bangonsa cike yake da iyayen ƙwayoyi masu siffar gora: dogaye, sirara, ƙafa ɗaya a bakin kogon ruwa da ke tsakiyar bututun, hannu ɗaya a miƙe har saman ƙwaƙwalwa. Pasko Rakic ya nuna a 1972 cewa sababbin ƙwayoyin jijiya suna bin wannan hannu ne su hau zuwa mazauninsu, sai a wajen 2000 zuwa 2001 aka tabbatar cewa waɗannan dogayen su ne ma iyayen da ke haifar su. Tun 1935 Frederick Sauer ya lura cewa cibiyar kowace uwa tana hawa tana sauka, kuma sai ta sauko bakin kogo take rabuwa. A irin wannan ƙwaya kayan ciki ba a baje suke ba, kowane yana da gurbinsa. Tarin Golgi, alal misali, yana miƙe ne a cikin ƙafar da ke fuskantar kogo, babu shi a dogon hannun sama. Ƙwayar da kayanta ke jere haka, inda wuƙar rabo ta bi yana da tasiri a kan abin da kowace 'ya za ta samu.

Idan 'ya'yan biyu kuromosom iri ɗaya suka gada, ta yaya ɗaya za ta zama jijiya, ɗaya ta ci gaba da zama uwa?

Wannan ita ce tambayar da nake so a tsaya a kanta. Rabon kuromosom daidai wa daida ne, ba a fifita kowa. Rabon sauran kaya kuwa yana iya karkata, kuma a nan bambanci ke shigowa.

Da farko iyayen ƙwayoyi suna rabuwa ne uwa ta zama uwa biyu, adadinsu yana ninkuwa. Daga baya sai salo ya sauya, uwa ta haifi uwa ɗaya da wata 'ya da za ta zama jijiya, ko kai tsaye ko bayan ta sake rabuwa. Nakan kwatanta wa yara da ɗan kasuwar Kejetia: muddin yana mayar da riba cikin uwar kuɗi, jarinsa na bunƙasa, ranar da ya fara cin uwar kuɗi kuwa, ko ya ga hannunsa cike a makon nan, shagon ba zai yi nisa ba. Ninki goma a jere yana mayar da ƙwaya ɗaya 1,024, ninki tara kuwa 512 kawai. Zagaye guda da aka rasa da wuri ya isa ya raba yawan iyayen gida biyu.

An gano hanyoyi da dama da tantani ke shiga wannan hukunci. Kowace uwa tana da wani ɗan gashi guda a ƙafarta wanda ke leƙa ruwan kogo yana karɓar saƙonni. A 2013 masu bincike a birnin Dresden na Jamus suka nuna cewa idan rabuwa ta zo, ƙwayar takan haɗiye tantanin wannan gashi ta riƙe shi a kai ɗaya na mazari, don haka 'ya ɗaya ce ke gadonsa. Ita ce ke rigan 'yar'uwarta sake fitar da gashi, ta riga ta jin saƙo, kuma ita ta fi zama uwa.

Hanya ta biyu ta 'yan jakunkuna ce. Akwai wani saƙo mai suna Notch wanda ƙarfinsa ke riƙe ƙwaya a matsayin uwa. A 2009 aka gano a birnin Janeba na Suwizalan cewa a jikin ƙudan 'ya'yan itace wasu jakunkuna masu ɗauke da kayan wannan saƙo suna taruwa a tsakiyar mazari, sannan mafi yawansu su zarce cikin 'ya ɗaya. Bayan shekara shida aka ga irin haka a lakar wani ɗan kifi mai zane.

Ta uku ita ce ta fi burge ni. A 2015 masana a birnin Zurik na Suwizalan suka ga cewa yayin rabuwar uwar ƙwayar jijiya ta ɓera, wani shinge yana bayyana a cikin tantanin raga, daidai inda za a yanka, wanda ke rage kaiwa da komowar furotin tsakanin ɓangarorin biyu. Da wannan ake tara furotin da suka lalace a gefe ɗaya, 'yar da za ta ci gaba da haihuwa ta fita da kaya masu tsabta. Shingen yana raunana idan dabbar ta tsufa. Sai kuma aikin da aka yi a Beljiyam a 2020, wanda ya nuna cewa bayan rabuwa, 'yar da maitokondiriyarta suka sake haɗewa suka yi tsawo takan zama uwa, wadda nata suka zauna a gutsure kuma ta zama jijiya, kuma lokacin da hukuncin ke buɗe ya fi tsawo a ƙwayoyin mutum kan na ɓera.

Ra'ayina shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke yin aikin shi kaɗai, kuma ɗalibin da ya haddace guda ya ce ya gama ya yi gaggawa. Ƙananan karkata ne ke taruwa har su rinjayi ma'auni.

Me ya haɗa mu da ƙuda da ɓera?

Ba a leƙa ƙwaƙwalwar ɗan tayi mai rai ana kallon rabuwa, ƙudan 'ya'yan itace kuwa cikin kwana goma yake tashi daga ƙwai ya zama babba, kuma yawancin furotin da ke tafiyar da rabuwa iri ɗaya ne a jikinsa da namu. Akwai bambanci da ya kamata a riƙe: a uwar ƙwayar jijiyar ƙuda tantanin cibiya ba ya rushewa gaba ɗaya, kuma ɗan Adam yana da tarin wasu iyaye na musamman da ke rabuwa nesa da bakin kogo, waɗanda aka bayyana a 2010, ɓera kuwa kaɗan gare shi. Don cike wannan giɓi ne Madeline Lancaster da abokan aikinta a birnin Biyana na Austriya suka raini 'yan dunƙulen naman ƙwaƙwalwa daga ƙwayoyin mutum a cikin kwalba a 2013.

Idan rabon ya samu matsala, me ake gani a jikin jariri?

Abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙanƙantar kai, wato a haifi yaro ƙwaƙwalwarsa ba ta kai girman da ya kamata ba, ƙoƙon kai kuwa girman ƙwaƙwalwa yake bi. Hanyoyin lalacewar uku ne a taƙaice: iyayen ƙwayoyi su daina ninkuwa da wuri, ko su daɗe a tsakiyar rabuwa har 'ya'yansu su mutu, ko su kasa yanke gadar ƙarshe. An nuna a ɓera a 2016 cewa jinkirin rabuwa shi kaɗai ya isa ya sa 'ya'yan su mutu ko su zama jijiya kafin lokaci.

Ƙwayoyin gado na farko da aka danganta da wannan, MCPH1 da ASPM, an gano su a 2002, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya a kan mazari da kawunansa suke aiki. Shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin ciwon mazari. Daga baya sai aka samu iyalai waɗanda matsalarsu a tantani take: ANKLE2, furotin da ke zaune a raga da tantanin cibiya, da kuma lamin iri biyu, LMNB1 da LMNB2, masu tokare cibiya.

Ina ruwan cutar Zika da wannan?

Ƙwayar cutar Zika, wadda aka fara ganowa a jikin biri a dajin Zika na Yuganda a 1947, 'yar gida ɗaya ce da ta zazzaɓin shawara, kuma sauro iri ɗaya ke yaɗa su, mai zanen fari a ƙafa da ke cizo da rana. Dangin nan duk a kan ragar tantani suke hayayyafa: suna lanƙwasa ta su yi 'yan aljifai su ɓuya ciki suna kwafar kansu. Zika kuma tana da son iyayen ƙwayoyin jijiya. Da ta ɓarke a Burazil a 2015 aka ga jarirai masu ƙananan kawuna sun yawaita, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci ranar 1 ga Fabrairu 2016. A 2018 aka nuna cewa wani furotin na ƙwayar cutar, NS4A, yana kama ANKLE2 ya hana shi aiki. Wato abin da gado ke ɓatawa a wasu iyalai ƙalilan, shi cutar ke ɓatawa daga waje.

Ba Zika kaɗai ke kawo wannan ba. Ƙyandar Jamus da wasu cututtukan da uwa ke kamuwa da su lokacin ciki, da shan barasa, da matsananciyar yunwa, duk suna iya tauye ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Shin auren zumunci yana jawo shi?

Wata hajiya ce ta aiko jikarta da wannan tambaya, kuma ta cancanci amsa ba tare da kewaye-kewaye ba. Yawancin ƙanƙantar kai ta gado tana bin tsarin da muka sani a sikila: sai yaro ya karɓi gurɓataccen kwafi daga uwa da kuma uba. Idan dukansu biyu suna ɗauke da shi a ɓoye, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. 'Yan'uwa na jini sun fi yiwuwar ɗaukar kwafi iri ɗaya da suka gada daga kaka guda, shi ya sa aka fara gano ASPM a iyalan da ke auren dangi, 'yan asalin Pakistan. Cutar ba ta da yawa, kuma akasarin auren zumunci yana haifar da yara lafiyayyu. Amma gidan da aka taɓa samun irin wannan haihuwa, ya kamata a faɗa wa likita kafin a ƙulla wani aure a cikin dangi. Ɗora laifin a kan uwa ita kaɗai, kamar yadda akan yi a wasu gidajenmu, ya saɓa wa lissafin kansa, tunda rabin gadon daga uba yake.

Abincin mai ciki yana da hannu a ginin tantani?

Yana da shi, domin kowace rabuwa tana bukatar sabon tantani, tantani kuwa da mai ake yinsa. Wani mai da ake kira DHA, wanda ke da yawa a kifin teku irin su amane da muke saya a kasuwar Asawase, yana shiga ƙwaƙwalwa ta wata ƙofa mai suna MFSD2A da aka gano aikinta a 2014, kuma a shekarar da ta biyo aka samu yaran da wannan ƙofa ta lalace musu suna da ƙanƙantar kai. Wannan ba ya nufin cin kifi zai gyara matsalar gado.

Abin da hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne bitamin ɗin folik asid, maikurogiram 400 a kullum, wanda ke rage haɗarin rashin rufewar bututun nan na farko. Tunda bututun yana rufewa tun mace ba ta gama tabbatar da ɓatan wata ba, fara shan ƙwayar kafin ɗaukar ciki ya fi amfani, mu kuwa al'adarmu ɓoye ciki ne har ya fito kafin a je awo. Wake da ganye irin su kontomire da ayoyo suna da shi, amma ba sa maye gurbin ƙwayar. Gishiri mai aidin ma yana cikin lissafi.

Me ya sa ma'aikaciyar jinya ke zagaya kan jariri da tef duk zuwa awo?

Domin ita ce hanya mafi sauƙi ta sanin yadda ginin ya tafi. Na raka ƙanwata awo wata safiya, na tsaya ina kallo. Ma'aikaciyar ta ɗora tef a goshin yaron, sama kaɗan da gira, ta zagaya da shi ta saman kunnuwa zuwa inda ƙeya ta fi tudu, ta danne gashi, ta karanta, ta sake aunawa, yaron yana ta tsala ihu, sannan ta ɗiga alama a jadawalin da ke cikin littafin uwa da yaro. Jaririn da ya cika watanninsa kewayen kansa yakan kasance wajen santimita 34 zuwa 35, ƙwaƙwalwarsa kuma kimanin giram 350 zuwa 400, wadda za ta kai kusan kilo 1.3 zuwa 1.4 idan ya girma.

Ƙarin girman bayan haihuwa mafi yawansa daga rassan jijiyoyi ne da mahaɗansu da ƙwayoyin tallafi da kitsen da ke naɗe jijiya, wanda shi ma tantani ne da aka nannaɗa ruɓi-ruɓi. A ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya kuwa rabuwa tana ci gaba har cikin shekarar farko. Awo guda ba ya yanke hukunci, layin ɗigogin da ke taruwa wata bayan wata ake dubawa, tare da la'akari da girman kan iyaye da ko yaron bakwaini ne. Idan layin ya faɗo ƙasa da iyakar jadawali ko ya daina hawa, sai a tura yaron wurin likitan yara, wanda a nan Kumasi yakan kai ga Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye.